Wutar da ke Cikin Jikin Mutum

Yau ina so mu yi magana bisa abin da kowa ke yi dare da rana, watau numfashi. Mutum ya kan yi kwana uku bai ci tuwo ba, ya rayu. Amma in aka toshe masa hanci da baki, kafin a gama dama fura ya cika. Ko me ya sa?

Ku dubi maƙeri. In ya zuba gawayi, sai ya sa yaro ya yi ta zuga. Da yaron ya saki zuga-zugi, sai wuta ta lafa, ƙarfe ya huce. To, jikinmu ma haka yake. Abinci shi ne gawayi, huhu shi ne zuga-zugi. Wani masani na ƙasar Faransa, Lavoisier, shi ya tabbatar da wannan wajen shekara ta 1783. Ya sa wata 'yar dabba cikin akwati, ya kewaye ta da ƙanƙara, ya auna yawan ƙanƙarar da ɗumin jikinta ya narkar. Sai ya gane numfashi ƙonewa ce, amma a hankali, ba harshen wuta.

Ga yadda abin yake. In ka ci tuwon dawa ko doya, hanji ya narkar da shi ya zama wani irin sukari, sunansa gulukos. Jini ya kwashe shi ya kai ko'ina. Jiki kuwa an gina shi da 'yan ƙwayoyi, kamar yadda a ke gina soro da tubali, ido ba ya ganinsu sai da madubi mai ƙara girman abu. Iskar da mu ke shaƙa kuma, kashi 21 cikin 100 nata wata iska ce da a ke kira oksijin. Ita ma jini ke ɗaukarta daga huhu.

Da sukari ya shiga ƙwaya, sai ta fara fasa shi gida biyu. Sa'an nan ta tura gutsattsarin cikin waɗansu 'yan murahu nata, sunansu mitokondiriya. Can a ke bi da su daki daki, har su ƙare da taimakon oksijin. A 1937 wani masani, Hans Krebs, ya gano wannan hanya a garin Sheffield na Ingila, da naman ƙirjin tantabara ya yi gwajinsa. Abin da ya rage bayan ƙonewa, ruwa ne da iskar kabon dayoksaid, wadda mu ke fitarwa ta hanci.

Ƙarfin da ya fito, ƙwaya ba ta kashe shi gaba ɗaya. Ta kan fasa shi ƙanana ƙanana, kamar mai canjin kuɗi. Masana suna kiran waɗannan 'yan canji ATP, da su hannu ke ɗaga fartanya, zuciya ke bugawa. Sauran ya zama ɗumin jiki. In da oksijin, ƙwayar sukari guda ta kan ba da ATP wajen 30. In babu, 2 tak. Shi ya sa ɗan kokawa ke haki bayan an raba su, bashin iska ya ke biya.

To, ga inda maganar ta shafi rai. Lokacin hunturu waɗansu su kan shiga ɗaki da kaskon gawayi, su rufe ƙofa da taga, su kwanta. Gawayin da bai sami isasshiyar iska ba ya kan fid da wata muguwar iska, kabon monoksaid, ba ta da wari, ba ta da launi. Tana kama jini fiye da oksijin sau 200, ta hana shi kai oksijin ga ƙwayoyi. Mutum ya fara da ciwon kai da jiri, ya yi barci, ba ya farkawa, ga shi kuwa ya ƙoshi da tuwo.

Saboda haka, kada mai gida ya bar garwashi ya kwana cikin rufaffen ɗaki. In ka tarad da wanda abin ya kama, ka buɗe ƙofa, ka fid da shi waje, a kai shi asibiti maza. Rigakafi ya fi magani. Ku da kuka iya karatu, ku karanta wa maƙwabta. Mu kwana lafiya.