Kwamfutar Tebur Da Wayar Aljihu: Wa Zai Riƙe Fayil?



An umarce mu da mu yi magana a kan makomar kayan aikin ofis, watau kwamfutar nan da ake girkewa a kan tebur, da kuma wayar hannu wadda take neman ta ƙwace mata aiki. Wani zai ce ai wannan zancen injiniyoyi ne, ina ruwan mai karanta tarihi ko aikin mulki da shi? To, akwai ruwansa ƙwarai. Yawancinmu nan da shekara biyu ko uku za mu sami kanmu a bayan tebur, ko a ma'aikata ko a banki ko a kamfani, kuma abin da aka ɗora mana a kan teburin nan, ko aka ce mu zaro daga aljihunmu, shi zai yanke lokacin da za mu tashi daga aiki, da kuma wanda za a kama ranar da takarda ta ɓace.

Kwamfuta ba don ado ta hau teburin akawu ba. A 1979 aka fito da wata manhaja mai suna VisiCalc, wadda take shimfiɗa jadawalin lissafi a kan allo, in ka canza lamba ɗaya sai sauran duka su gyara kansu. Abin da akawu kan kwana yana yi da fensir, sai ga shi an gama kafin shayi ya huce. A 1981 kamfanin IBM ya fito da tasa kwamfutar, manyan kamfanoni suka ga sunan da suka amince da shi, suka yi ta saye, sannu a hankali tafireta ta koma ɗakin ajiya.

Tun daga nan an sha haƙa mata kabari. Wayar iPhone ta fito a 2007, iPad a 2010, kuma a wannan shekara Steve Jobs na kamfanin Apple ya kwatanta kwamfuta da motar ɗaukar kaya: za ta ci gaba da aiki, amma mutane kaɗan ne za su buƙace ta. Da fari kamar maganarsa za ta tabbata. A 2011 an sayar da kwamfutoci, na tebur da na tafi-da-gidanka, kimanin miliyan 365 a duniya, zuwa 2018 sun sauko wajen miliyan 260, alhali wayoyin zamani sun haye biliyan 1 a shekara tun 2013. Sai annobar korona ta zo a 2020, aka kulle ofisoshi, aka ce kowa ya yi aiki daga gida. A nan ne gaskiya ta fito, gama ma'aikata ba su ce waya ta ishe su ba, kwamfuta suka nema, har cinikinta ya sake hawa wajen miliyan 340 a 2021. Waya gwana ce wajen karanta saƙo da amsa shi da amincewa da abin da wani ya tsara, amma kasafin kuɗi mai layi 2,000 ba a tsara shi da ɗan yatsa a kan allon da bai wuce tafin hannu ba.

Saboda haka mu a ganinmu tebur ba zai mutu ba. Abin da ke shirin ɓacewa shi ne akwatin nan da ke ƙarƙashinsa. Tun 2017 Samsung ya fito da wayar da za a jona ta da babban allo da madannai ta yi aikin kwamfuta, a 2021 kuma Microsoft ya fara ba da hayar kwamfutar da ke zaune a rumbunsa can nesa, ma'aikaci ya shige ta ta intanet daga kowace na'ura, a biya kuɗin haya wata-wata. Wannan yana da daɗin ji a Amurka. Amma ɗan haya ba ya da ikon gida, kuma in layi ya katse aiki ya tsaya cak. Ko wanda ya sayi tasa ma bai tsira daga ikon mai manhaja ba: a ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya janye kulawar kyauta daga Windows 10, alhali kwamfutoci da dama masu ƙoshin lafiya ba sa iya ɗaukar Windows 11.

Duk wannan ba shi ne ainihin abin da ya dame mu ba. Bari mu kawo muku wani labari daga bankunan Amurka. A Disamba 2021 hukumomin da ke sa ido a kan kasuwar kuɗi ta ƙasar suka ci bankin JPMorgan tarar dala miliyan 200. A Satumba 2022 suka sake cin wasu manyan bankuna, ciki har da Goldman Sachs da Morgan Stanley, tarar da ta kai wajen dala biliyan 1.8 a haɗe. Ba a kan sata aka ci wannan tara ba. Laifin shi ne ma'aikata, har da manya, suna ƙulla harkar banki ta WhatsApp da saƙonnin wayoyinsu na kansu, ga shi kuwa doka ta wajabta a adana irin wannan magana domin mai bincike ya same ta in ya nema. Da aka nema, sai aka tarar tana aljihun mutane, bankin ba ya da ita.

To, in haka ta faru ga masu kuɗin sayen kowace irin na'ura, ina ga ofisoshinmu? Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, kuma ta shiga ofis ne ta ƙofar baya. Ba a kafa kwamiti an zaɓe ta ba, ba a ware mata kuɗi a kasafi ba. Wutar lantarki ce ta buɗe mata ƙofa: in an ɗauke wuta, janareta kuma ba mai, kwamfuta ta zama ƙarfe, wayar aljihu kuwa tana nan da cajinta. Yau takardar sanarwa hotonta ake ɗauka a jefa a zauren WhatsApp na ma'aikata, jerin sunayen albashi ma wani lokaci ta nan yake bi. Aiki ya yi sauri, ba ma musu, masinja ya huta da hawa bene. Amma ranar da aka yi wa jami'i canjin wurin aiki, da wayarsa zai tafi, ranar da aka zare masa ita a kasuwa kuwa, da sirrin gwamnati aka tafi.

'Yan'uwa masu karanta tarihi sun san Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. A can mutum yana iya buɗe fayil na zamanin Turawa, ya ga abin da Razdan ya rubuta, da amsar Di'o, da kwanan wata, da sa hannun kowa, har ya kama su da abin da suka aikata da alƙalaminsu. Ɗalibin da zai zo bayan shekara 50 yana neman yadda aka ba da wata kwangila a zamaninmu, wace waya zai buɗe? Ba ma sai an kai shekara 50 ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wa mai tambaya, dokar kare bayanan mutane ta 2023 kuma ta ɗora mata alhakin tsare abin da ta karɓa daga jama'a. Yaya hukuma za ta tsare abin da ke cikin wayar da ba tata ba?

Ƙananan ma'aikata, wannan ya fi shafar ku, mu ma gobe. Fayil mai ƙura, duk da jinkirinsa, garkuwa ne ga na ƙasa, domin umarnin na sama yana ciki a rubuce. Saƙon murya kuwa ana iya goge shi, waya ana iya canza ta. Ranar da masu binciken kuɗi suka zo, sa hannun da za su gani a takardar biya na ƙaramin akawu ne. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari: mu matasa mu ne muka fi son wannan sauƙin, mu ne kan ce wa maigida ya turo kawai.

Sa'an nan akwai maganar lokaci. Kwamfutar tebur tana da wata ɗabi'a mai kyau, in an tashi ba ta bin mutum gida. Waya kuwa tana bin sa har kan tabarma bayan sallar lisha, kuma da kuɗin albashinsa yake sayen data domin a ba shi aiki. A Faransa tun Janairu 2017 doka ta sa manyan kamfanoni su zauna da ma'aikatansu su tsara lokacin da mutum ke da ikon ƙin duba saƙon aiki.

Kamfanonin waje sun nemo wata dabara: a raba waya gida biyu, sashen aiki dabam, na mai waya dabam, kamfani ya adana abin da ke sashensa, ya kuma iya shafe shi daga nesa in wayar ta ɓace. Dabarar tana aiki, sai dai ta sa hannun maigida a aljihun yaronsa, kuma ba kowa ne zai yarda da wannan ba. Mu mun fi son ma'aikata ta sayi wayar aiki ta ba ma'aikaci, kamar yadda take ba shi tebur da kujera, in zai bar wurin ya miƙa ta tare da makullin ofis. Kafin a kai ga haka, duk umarnin da ya zo ta waya a kan kuɗi ko ɗaukar aiki ko kwangila, a buga shi a takarda, mai umarnin ya sa hannu, a sa a fayil, kana a fitar da ko kwabo.

Mai girma Shugaba, a nan za mu dakata domin masu tambaya.