Mai Gaggawa a Cikin Lambu

Ya ku iyayenmu malamai da 'yan kwamitocin masallatai, babu inda gajen haƙurinmu yake bayyana kamar a lambu. Mangwaron da aka yi wa aure yakan kai shekara 3 ko 4 kafin ya yi 'ya'ya, dabino kuwa ya fi shi nawa. Mai gaggawa sai ya dinga ɗura wa dashe ruwa har saiwarsa ta ruɓe, ko ya tone gindinsa wai ya ga ko ya kama. Don haka muke roƙonku, tsakanin itatuwan harabar masallaci ku shuka alayyafo, wanda ake tsinka cikin wata guda, domin hannun da ke ƙaiƙayi ya sami abin yi ya ƙyale dashen.