Amanar Da Aka Binne A Ƙarƙashin Warso

'Yan'uwa, maganar yau a kan wasu Yahudawa ce na birnin Warso a ƙasar Folan, da abin da suka yi sa'ad da aka ƙuduri aniyar shafe su daga bayan ƙasa.

A 1939 sojojin Hitila suka mamaye Folan. A watan Nuwamba na 1940 suka tsare Yahudawa sama da 400,000 a unguwa guda, suka kewaye ta da katanga. Laifinsu kawai an haife su Yahudawa. Yunwa da annoba suka yi ta ɗibar mutane, har gawa ta zama abin tsallakewa a bakin titi. Aka rufe makarantu, suka koma karantar da yara a ɓoye.

To, a cikinsu akwai wani malamin tarihi, Emanuel Ringelblum. Ya lura cewa in azzaluman nan suka gama da su, su ne kuma za su ba duniya labarin. Sai ya tara mutane kamar sittin, malamai da marubuta da ɗalibai, suna haɗuwa a asirce ranar Asabar, ranar ibadarsu. Shi ya sa suka kira kansu Oneg Shabbat, wato farin cikin Asabar. Komai tarawa suke: abin da mutum ya gani da idonsa, rubutun 'yan makaranta, katin rabon abinci, har takardar alewa. Kar ɗan'uwa ya raina wannan aiki, don wanda aka kama da irin takardun nan kashinsa ya bushe.

Daga Yulin 1942 aka shiga loda mutane a jirgin ƙasa zuwa sansanin kisa na Treblinka. Cikin wata biyu an kwashe sama da 250,000. Ana tsakiyar haka wani malami, Israel Lichtenstein, da ɗalibansa biyu suka zuba takardun a akwatunan ƙarfe goma, suka binne a ƙarƙashin makarantarsu. Ɗaya daga cikin yaran, David Graber, shekararsa 19 kacal, sa'an da yawa daga cikinku. Ya rubuta wasiyyarsa ya sa a ciki, bai kuwa tsira ba. A 1943 aka sake binne wasu a garwar madara biyu.

A watan Afrilun shekarar matasan unguwar suka ɗauki makami, suka yi kusan wata guda suna fafatawa, sannan aka ƙone unguwar ƙurmus. Ringelblum kuma aka harbe shi a 1944, shi da matarsa da ɗansa.

Mutum uku kaɗai suka tsira a ƙungiyar. Ɗayansu, Hersh Wasser, shi ya nuna inda za a tona a cikin kufai. Aka sami akwatunan a 1946, garwar madara kuma a 1950, shafi kusan 35,000, suna ajiye a Cibiyar Tarihin Yahudawa ta Warso. Kashi na uku da aka ce an binne, har yau ba a gano shi ba.