Kifin Ado da Sanyin Funtuwa

A Funtuwa da Malumfashi in an ce kifi, tarwaɗa ce ke faɗo wa mutum a rai, ko ta dam ɗin Mairuwa ko ta tafkin siminti a bayan gida. To, akwai wani ɗan kifi da ake ajiyewa don kallo kawai, sunansa beta, asalinsa fadamun shinkafa na ƙasar Tailan. Bai wuce tsawon yatsa ba, sai baza jela, ja ko shuɗiya.

Yana leƙowa saman ruwa ya shaƙi iska, shi ya sa wasu ke cusa shi cikin kwalba. Wannan zalunci ne. A sama masa akwatin gilashi mai cin jarka guda, lita 20, da murfi, don yana tsalle. Maza biyu ba sa zama tare, faɗa za su yi har ɗaya ya jikkata. Ruwan famfo kuma a bar shi ya kwana tukuna.

Babbar matsalarmu hunturu ce. Kifin nan yana son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 28, kun kuwa san asubahin Janairu a nan. Wanda ba shi da sola ko tsayayyiyar wutar da za ta riƙe na'urar ɗumama ruwa, don Allah ya haƙura da sayensa.