Awon Iskar Oksijin a Cikin Hayaƙin Masana'antu



Duk wanda ya san Kaduna a shekarun 1970 da 1980 ya san cewa idan mutum ya tsaya a unguwannin arewacin kogi, kamar Tudun Wada ko Kinkinau, ya dubi kudu wajen Kakuri, abin da zai fara gani shi ne dogayen bututun masaƙu suna fitar da hayaƙi. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Ingila. United Nigerian Textiles ta biyo baya a 1964, Arewa Textiles kuma a 1965 tare da Japanawa. A wancan lokaci jama'a sun ɗauki hayaƙin nan alamar arziki, don kuwa in yana tashi ana aiki, in ana aiki za a yi albashi. Amma ga injiniya hayaƙi rahoto ne. Yana bayyana yawan man da ya yi amfani da kuma wanda aka yi asararsa. Wannan lacca a kan karanta wannan rahoto take, watau awon ragowar oksijin da ke cikin hayaƙi, da yadda ake kafa na'urar awon, da yadda ake riƙon ta.

Masaƙa ba ta tafiya sai da tururi. Da shi ake dafa sitacin zare, da shi ake wanke yadi, a rina, a busar. Ana samun tururin ne daga babbar tukunyar ƙarfe da ma'aikata ke kira boila, wadda a Kaduna aka fi hura ta da baƙin mai. Wuta kuwa, kowace iri ce, abinci biyu take ci, da mai da iska. Maƙeri ya san wannan tun kafin zuwan boko: in ya sassauta zuga-zugi gawayi ya yi sanyi, in ya zuga fiye da kima sai wutar ta watse. Iskar da ake shaƙa kashi 20.9 cikin ɗari ne kawai oksijin, mafi yawan saura, wajen kashi 78, naitirojin ce, wadda ba ta ƙara wa wuta komai. Shiga take yi da sanyi, ta kwashi zafi, ta fice ta bututu. Kilo ɗaya na baƙin mai yana bukatar wajen kilo 14 na iska kafin ya ƙone sarai, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na wannan nauyi 'yar rakiya ce.

A nan matsalar take. In iska ta gaza, mai ba zai ƙone duka ba, sai a ga baƙin hayaƙi, kunkunniya ta lulluɓe bututun ruwa na cikin tukunya ta hana zafi ratsawa, a kuma sami iskar kabon monoksaid mai guba, wadda in ta taru tana iya fashewa. Wannan kowa na ganinsa, kuma mai kula da wuta yana tsoronsa, domin baƙin hayaƙi shi ke jawo masa faɗan manaja. Saboda haka dabararsa ita ce ya buɗe ƙofar iska sosai har hayaƙin ya washe, ya zauna hankali kwance. Alhali kuwa asarar da ke cikin washasshen hayaƙi tana iya fin ta baƙi, sai dai ita ba ta da launi. Man da aka saya don dafa ruwa ya koma dafa sararin samaniya.

Ido ba ya iya gano wannan, amma lissafi na iyawa. Duk iskar da ta wuce bukatar wuta za ta fito da oksijin ɗinta ba a taɓa ba, saboda haka ragowar oksijin a hayaƙi ita ce ma'aunin rarar iska. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a cire adadin da aka auna daga 20.9, sa'an nan a raba adadin da abin da ya rage. In an sami kashi 3, rarar iska wajen kashi 17 cikin ɗari ce, kuma nan ne galibin tukwanen mai ke aiki da kyau. In an sami kashi 8, rarar ta haura kashi 60. In ta kai 10 da rabi, to, ana tura wa wuta ninki biyu na abin da take bukata. Injiniyoyi suna da ƙiyasi na yau da kullum cewa duk rage kashi 15 na rarar iska yana ceto wajen kashi 1 cikin ɗari na mai. A ɗauki misalin masana'antar da ke ƙona lita 20,000 a yini. Sauko da ita daga 8 zuwa 3 zai ceto wajen lita 600 kullum, watau lita 180,000 a kwana 300 na aiki, fiye da tanka biyar ke nan masu cin lita 33,000.

Daɗaɗɗiyar hanyar awo ita ce ta Orsat, sunan Bafaranshen da ya fito da ita wajen 1873. Akwati ne mai kwalabe uku, ana ɗebo hayaƙi a bi da shi cikin ruwan magunguna, kowane ya shanye irin iskarsa, a duba abin da ya ragu. Awo ne na gaskiya in hannu ya ƙware, amma kafin a gama shi halin wutar ya sake. Akwai kuma na'urar da ke aiki da maganaɗisu, bisa abin da Michael Faraday ya gano cewa maganaɗisu yana jan oksijin, Linus Pauling kuma ya ƙera ma'auni a kan haka a 1940. Ita wannan sai an zuƙo hayaƙin waje, an tace, an sanyaya, an busar, kuma kowane mataki ƙofar toshewa ce.

Wadda ta mamaye masana'antu ita ce mai ƙwayar zakoniya. Zakoniya wani farin abu ne mai kama da tangaran. In aka gauraya ta da ɗan sinadarin itiriya, aka zafafa ta zuwa digiri 700 ko 750, sai ta bar oksijin kaɗai ta ratsa ta. Ana shafa wa fuskokinta biyu ƙarfen filatinam, fuska ɗaya tana kallon hayaƙi, ɗaya tana kallon tsabtatacciyar iska. Bambancin yawan oksijin tsakanin fuskokin shi ke haifar da ɗan ƙarfin lantarki, bisa ƙa'idar da Bajamushe Walther Nernst ya bayyana a 1889. In fuskokin biyu iska ɗaya suke gani, babu komai. Duk lokacin da oksijin na hayaƙi ta ragu ninki goma, sai a sami ƙarin wajen milibolt 50. Abin sha'awa a nan shi ne na'urar ta fi ji daidai wurin da ake bukatar ta, watau inda oksijin ta yi ƙaranci. Weissbart da Ruka na kamfanin Westinghouse a Amurka sun bayyana irin wannan ma'auni a 1961, daga baya aka ɗora ƙwayar a kan doguwar sandar ƙarfe da ake cusawa cikin hanyar hayaƙi kai tsaye. Ƙanwarta ce kamfanin Bosch ya sa a salansar mota tun 1976, wadda kowane makanike a Kaduna ya san ta yanzu.

Sayen na'ura shi ne mafi sauƙin al'amarin. Inda ake faɗuwa shi ne wurin kafa ta. Sandar awo ba ta san tukunya ba, abin da ya taɓa bakinta kaɗai ta sani. Sau da yawa fanka ce ke zuƙo hayaƙi, saboda haka duk wata tsaga a bulo, ko ƙofar dubawa da ba ta rufu ba, ko walda da ta buɗe, ba fitar da hayaƙi take yi ba, shigo da iska take yi. In sandar tana bayan irin wannan ɓaraka, za ta nuna oksijin mai yawa, mai kula da wuta ya gaskata, ya rage iska, alhali can cikin murhu wuta tana shaƙewa. Wannan ya fi rashin na'urar haɗari. Don haka ake kafa ta kusa da mafitar tukunya gwargwadon yadda ƙarfenta zai jure zafi, kafin injin ɗumama iska, wanda shi kansa yoyo yake yi, kuma a toshe ɓarakar kafin a amince da lambar.

Har ila yau hayaƙi ba ya tafiya a gauraye. Yana tafiya ne layi-layi, musamman in bakunan wuta suna da yawa, ta yadda gefe ɗaya na iya nuna 2 ɗaya gefen ya nuna 5. Kafin a huda ƙarfe a ɗaura sanda, wajibi ne a bi faɗin hanyar da ma'aunin hannu, wuri-wuri, ana ƙaramar wuta da babba, a gano inda ya wakilci saura. Babbar tukunya sanda ɗaya ba ta ishe ta ba. A kuma nisanci kwana da jikin bango. Sai a ɗan sunkuyar da sandar yadda raɓa ba za ta kwanta kan ƙwayar ba, domin baƙin mai yana ɗauke da farar wuta, kuma in hayaƙinsa ya huce ƙasa da wajen digiri 140 yana zubar da irin asid ɗin nan na ruwan batir, mai cin ƙarfe. Wani abu da masu zane kan manta: a bar wurin tsayawa da tsani. Na'urar da sai an yi dabo kafin a kai gare ta, ba wanda zai duba ta.

Yanayin Kaduna ma yana da nasa hukunci. Fanka da mudu take awo, wuta kuwa da sikeli take ci. Iskar asubahin hunturu mai digiri 15 ta fi ta azahar ɗin bazara mai digiri 38 nauyi da wajen kashi 8 cikin ɗari. Tukunyar da aka daidaita a Janairu da rarar kashi 17 za ta wayi gari a Afrilu da rarar kashi 8 kawai, ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Garin kuma yana kan tudu na wajen mita 600, iskarsa ta fi ta Ikko sauƙi da kusan wannan adadi, saboda haka saitin da aka yi a bakin teku ba ya aiki a nan. Ƙurar hunturu tana toshe matacin iskar da ƙwayar ke kwatance da ita, damina kuma tana cika ta da laima. Ɗaukewar lantarki ita ce babbar abokiyar gaba: ƙwayar ta huce, raɓa ta sauka, wuta ta dawo ta zafafa ta farat ɗaya, tangaran ya tsage. Ya kamata na'urar ta sami nata batir, a kuma bar ta a kunne ko an kashe tukunya na ɗan lokaci.

Gwaji kuwa ba shi da madadi. Ana hura wa ƙwayar iska iri biyu daga silinda da aka san adadin oksijin ɗinsu, galibi kashi 0.4 da kashi 8, a ga ko ta faɗi gaskiya, a rubuta a littafi. Littafin nan shi ke nuna tsufan ƙwaya tun kafin ta mutu, don za a ga tana nawar amsawa. Mai kwatanta ta da ma'aunin hannu kuma ya tuna cewa sanda tana auna hayaƙi da tururinsa, na hannu kuwa bayan an busar, don haka lambar sanda kan ɗan yi ƙasa, ba lalacewa ba ce. Sa'an nan a sani ƙwayar garwashi ce. Ɗanyen mai ko gas da ya isa gare ta zai ƙone a kanta, yana ma iya tayar da gobara in ba a sa mata makarin harshen wuta ba. Shi ya sa masu hankali ke haɗa ta da ma'aunin kabon monoksaid: a riƙa rage iska a hankali har monoksaid ta fara ɗagowa, sai a koma baya kaɗan a tsaya.

Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta dakatar da aiki a 2007, dubban magidanta suka rasa abin yi. Dalilan suna da yawa: fasa-ƙwaurin atamfa, rashin lantarki, tsofaffin injuna, da tsada da ƙarancin baƙin mai duk lokacin da matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, ta tsaya. Ba mai cewa sandar awo za ta ceci masaƙa daga waɗannan. Amma a cikinsu duka, yawan man da ke bin bututu shi ne wanda ke hannun injiniyan masana'anta, ba sai ya jira Ikko ko Abuja ba. Kuma tukwane ba su ƙare ba: akwai su a kamfanonin abin sha, da matsar man gyaɗa, da casar shinkafa, ga kuma murhun siminti a Ashaka da Kalambaina.

Ga ma'aikacin gwamnati akwai wata fuska. Tun kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a 1988, da hukumar NESREA da ta gaje ta a 2007, ana bukatar masana'antu su bayyana abin da suke fitarwa. To, ana iya yi wa hayaƙi abin da ake yi wa nono, a tsarma shi. In aka gauraya hayaƙi mai oksijin kashi 3 da iska daidai yawansa, gubar da ke ciki za ta nuna rabi a takarda, alhali ko ƙwayar zarra ba ta ragu ba. Abin da zai tona asiri shi ne oksijin, don za ta tashi zuwa wajen 12. Saboda haka ƙa'idojin Turai da na Bankin Duniya suke mayar da kowane awo kan mizani ɗaya: kashi 3 ga tukwanen mai da gas, 15 ga injin tabain mai gas, 10 ga murhun siminti. Rahoton da bai faɗi adadin oksijin ba, da wurin da aka auna, da ranar gwaji ta ƙarshe, bai cancanci sa hannu ba.

A 2020 aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614. Tukunyar da aka juyar daga baƙin mai zuwa gas tana iya aiki da oksijin kashi 2, ba kunkunniya, ba farar wuta. Sai dai gas ba ya yin gargaɗi irin na baƙin mai. Yana iya shaƙewa ya cika hanya da monoksaid bututu yana nan fes, tsohuwar dabarar leƙa sama ta daina aiki. Ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Kaduna da ke nan Tudun Wada, da masu walda na Panteka da za su ɗaura sandunan, su ne za a nema a ranar, kuma tambayar farko da za a yi musu ita ce inda za a huda ƙarfen.