Nasiha Ga Makaɗan Garinmu

Mu 'yan kasuwa mun san ciniki ba ya tsayawa wuri guda. Da kaset muke sayarwa a kasuwar Mubi, yau ga waƙa cikin waya. To, 'yan'uwanmu makaɗa, ku ma ku hangi gaba. A 2014 da muka watse daga garin nan, biki ya tsaya, liƙi ya ɗauke, wanda bai yi tanadi ba ya ji jiki. Shata ya rasu tun 1999, amma har yau muna jin muryarsa, don an ɗauke ta. Ku ɗauki taku, ku shiga adashi, ku koya wa yara kalangu. Murya fa tana tsufa. Allah ya sa mu dace.