Kirsimeti ga wanda ya daina zuwa coci

Shirin yau na wanda Disamba ta zo ta tarar ba ya cikin murna ne.

Shekaranjiya wani abokina ya kira ni. Tare muka yi bautar ƙasa, yau shekara uku yana yawo da takardu, aiki shiru. Babansa ya rasu da damina. Ya ce bana ba zai je gida Kirsimeti ba. Na ce kuɗin mota ne? Ya ce har da shi. "Amma ni fa rabona da coci tun jana'izar Baba. Ban ma san ko har yanzu na gaskata ba. In je in tsaya ina waƙa, ai munafunci ne."

Na rasa abin ce masa. Da dare na buɗe Luka sura 2 da Matiyu sura 2, na karanta a hankali, kamar ban taɓa jin labarin ba.

Ku duba fa. Ƙasar tana ƙarƙashin mulkin Romawa. Kaisar Augustas ya ba da umarnin ƙidaya, dole Yusufu da Maryamu suka taso daga Nazarat zuwa Baitalami, tafiyar fiye da kilomita 100, ga ta da tsohon ciki. Masauki ya cika, aka kwantar da jaririn a komin dabbobi. Da suka kai shi Haikali, hadayar tsuntsaye biyu suka miƙa. A Littafin Firistoci sura 12, wannan ita ce hadayar wadda ba ta da halin ɗan rago. Daga baya Hirudus ya nemi ran yaron, suka tsere Masar cikin dare. Yanzu da 'yan gudun hijira za mu kira su.

To ka ga, Kirsimeti ta farko ba shinkafa da kaza, ba sabon ɗinki. Abin da mu Kirista muke kira bege, wato sa zuciya, ba cewa yake komai lafiya ba. Cewa yake Allah bai tsaya daga nesa ba, ya shigo cikin wahalar da kansa. Ma'anar sunan Immanuwel ke nan: Allah yana tare da mu.

Kuma su wa suka zo? Makiyaya masu kwana a daji. Sai masanan taurari daga gabas, baƙi, ba Yahudawa ba. Da tambaya suka zo, har ma suka fara sauka a Urushalima, inda yaron ba ya nan. Sun yi ɓatan kai, amma sun isa. Idan kana cikin tambaya, kana da 'yan'uwa a cikin labarin nan.

Ban ce wannan zai kawo aiki a Janairu ba. Ba zai dawo da baban abokina kan kujerarsa ba. Abin da na ce masa da safe shi ne: ba sai ka warware shakkarka kafin ka je ba. Je ka zauna a bencin baya. In waƙar ta ƙi fita, yi shiru, shi ma zama ne. Mama kuwa fuskarka take jira, ba buhun shinkafa ba, balle bana da take ita kaɗai.

Mu kuma da muke ciki, mu rage tambayar "ina ka shige?" da "yaushe aure?". Mu matsa mu ba mutum wuri. Wanda ya dafa ya tuna da maƙwabci, Kirista ko Musulmi, kamar yadda iyayenmu suka saba aika kwano.

Abokina bai ce zai je ba tukuna. Ya dai tambaye ni nawa ne kuɗin mota yanzu.

Allah ya kai mu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.